Kafin a sayi mage mai gashi, a fara sayen mataji



Mun san wasu za su yi murmushi da ganin kan wannan rubutu. Shafin da aka saba ganin sanarwar taro da ta'aziyya da maganar taki, yau ga shi ana zancen kyanwa. Ku yi mana haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, domin abin ya faru ne a gidan ɗaya daga cikinmu a nan Gella, kuma shi da kansa ya nemi mu rubuta.

Bayan an tashi daga taronmu na watan jiya, wani dattijo cikin membobinmu ya tsaya ya ba mu labari. 'Yarsa da ta gama sakandare ta daɗe tana sha'awar irin magen nan da ake gani a TikTok, fara tas, gashi buzu-buzu, fuska a baje, wadda ake kira 'yar Farisa. Yayanta da ke aiki a Kano ya saya mata 'yar wata huɗu, ya sako ta a mota cikin kwali. Kuɗinta, in ji dattijon, ya fi na tunkiya. Aka ajiye ta a ɗaki, ba a barinta ta leƙa ko tsakar gida saboda tsoron ɓarayi da muzurun unguwa. Tana cin abin da gidan ke ci: shinkafa da miya, kan kifi, madarar gari da safe.

Da ta yi wata biyu a gidan sai ta fara amai, wani lokaci da gashi a ciki, wani lokaci kumfa kawai, ga gudawa tana zuwa tana tafiya. Aka tura wa wanda ya sayar da ita saƙo, ya ce gashi ne, haka suke yi, a ba ta manja. Aka ɗura mata manja kwana biyu. A rana ta uku ta ƙi cin komai, yarinyar ta taɓa ta ta ce, "Baba, jikinta da zafi." Uban ya ce a raba farasitamol biyu a ba ta rabi. Washegari fuskar magen ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, tana numfashi da ƙyar. Kafin a samu likitan dabbobi a waya ta mutu. Yarinyar ta kwana biyu tana kuka. Dattijon ya ce mana, "Sakatare, da hannuna na kashe ta, kuma da niyyar taimako. Ku rubuta don kada wani ya maimaita."

Matsayinmu a kan wannan magana shi ne: duk wanda ya ɗauko mage mai dogon gashi ya kulle ta a ɗaki, ya ɗauki nauyin yi mata abin da ba za ta iya yi wa kanta ba. Nauyin nan na kowace rana ne, kuma ya haɗa da sanin cewa ba kowane amai ba ne gashi. Wanda ba zai iya ba, ya haƙura da ita ya riƙe kyanwarmu ta gida. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Bari mu fara da shi gashin. Duk wanda mage ta taɓa lasar hannunsa ya ji harshenta da kaushi. Ƙananan ƙayoyi ne a kan harshen, duk sun karkata zuwa maƙogwaro, kuma da su take wanka. Mage kan ɓata lokaci mai tsawo a kowace rana tana lasar jikinta. Gashin da ya tsinke yana maƙalewa a ƙayoyin, ba ta da yadda za ta tofar, sai ta haɗiye. Cikinta ba ya narkar da gashi. Mafi yawansa yana bin hanji ya fita da kashi ba tare da kowa ya sani ba. Wanda ya tsaya a tumbi shi ne yake cuɗewa ya zama dunƙule, sai wata rana ta yi ta yunƙuri ta amayo shi. Ba ya fitowa a mulmule kamar ƙwallo. Dogo ne kamar yatsa, saboda ya biyo ta maƙoshi, shi ya sa masu gida da yawa kan ɗauka kashi ta yi a kan darduma.

Mu mutanen Mubi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Ga babbar kasuwar shanu a garinmu, ga mahauta a kowace unguwa. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin saniya ko akuyar da ke kiwo a cikin gari: leda da tsumma da igiya a cuɗe, dabba ta yi ta ramewa mai ita yana zaton wata cuta ce. Abin da ciki bai narkar ba kuma bai fitar ba, yana iya toshe hanya. Haka yake ga mage. Galibi dunƙulen yana fita, amma idan ya wuce tumbi ya maƙale a hanji, sai tiyata.

Me ya sa ba mu san wannan matsala da kyanwar gida ba? Kakanninmu sun rayu da kyanwa a rumbu da zaure ba wanda ya taɓa taje ta. Amsar tana jikinta. Gashinta gajere ne, ya dace da zafinmu. Tana yawo, tana goga jiki a jikin katanga da itace, mataccen gashi yana zubewa a can. Tana farauta, tana cin ɓera da ƙadangare da fara. Idan ta ga dama ta tsinki ɗanyar ciyawa ta tauna. Masana sun nuna cewa duk magen duniya daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya suka samo asali, kuma ita ma gajeren gashi gare ta. Dogon gashin nan mutane ne suka yi ta zaɓensa suna haɗa iri. Tun ƙarni na 17 matafiya suka kai masu dogon gashi Turai daga ƙasar Farisa, wato Iran ta yau, da kuma Turkiyya. Bayan da aka yi babban baje kolin mage a birnin Landan a 1871, masu kiwo a Ingila da Amurka suka ci gaba da ƙara mata gashi suna rage mata hanci, har ta zama yadda muke ganinta yau. Dabba ce da aka tsara don ɗakin sanyi da hannun da zai taje ta kullum. Mu kuma muka kawo ta gindin duwatsun Mandara, inda zafin Maris da Afrilu kan kai maki 40, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Zafi yana sa ta ƙara lasar jiki don ta sanyaya, ƙura tana sa ta ƙara lasa, zaman ɗaki ba abin yi yana sa ta ƙara lasa. Duk lasa ɗaya kuwa gashi ne ke tafiya ciki.

Ga inda muka fi so a kula. Dunƙulen gashi ya fi damun manyan mage. Ƙarama 'yar wata biyar ko shida ba ta cika fama da shi sosai ba. Saboda haka idan ƙaramar mage tana amai akai-akai, har da gudawa, faɗin "gashi ne" hanya ce ta rufe ido daga ainihin ciwon. Ganin gashi a cikin amai bai nuna shi ya jawo aman ba, tunda kusan kullum akwai gashi a cikinta.

Abu na farko da ya kamata a zarga shi ne tsutsar ciki. 'Ya'yan mage da yawa suna samunta tun daga nonon uwarsu, kuma alamarta katon ciki da rama da gudawa da amai. Ƙuma ma tana kawo wata tsutsa mai kama da ƙwayar shinkafa da ake gani a gindin wutsiya, ga kuma ƙaiƙayin da ke sa mage ta yi ta cizgar gashinta tana haɗiyewa. Zaman ɗaki bai hana ƙuma ba, ana shigo da ita a ƙafa da kaya.

Na biyu shi ne abincinmu. Mage ba ƙaramin mutum ba ce, ba kuma kare ba ce. Nama ne abincinta na asali, kuma akwai wani sinadari mai suna taurin da take samu daga nama, wanda rashinsa ke makantar da ita. A 1987 likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka gano cewa rashinsa yana lalata mata zuciya ma. Tuwo da shinkafa da biredi suna cika mata ciki ne kawai. Miyarmu kuwa ba ta rabuwa da albasa da tafarnuwa, su biyun kuma suna fasa wa mage jajayen ƙwayoyin jini, ko an dafa su. Madarar shanu da muke ba ta don nuna ƙauna, yawancin mage ba sa iya narkar da ita bayan yaye, ita ce ke jawo gudawar da ake ɗora wa gashi. Ƙayar kifi da ƙashin kaza dafaffe suna iya soke hanji. Ko abincin mage na kanti, idan aka canza daga wani zuwa wani a rana ɗaya, yana ɓata ciki. A riƙa gauraya sabo da tsoho a hankali har kamar mako guda.

Na uku, abin da ke yashe a ɗakunanmu. Ƙaramar mage a kulle wasa take nema, kuma ba abin da ke jan hankalinta kamar zare. Zaren ɗinki, zaren kitso, gashin kanti da ya zube, robar ɗaure kai, bakin leda. Da zare ya hau harshenta, ƙayoyin nan ba sa barinsa ya dawo. Yana iya naɗewa a gindin harshe, ragowar ya bi hanji ya tattare shi kamar mazagin wando har ya yanka. Idan kuka ga zare yana leƙowa ta baki ko ta dubura, kada a ja, a kai ta wurin likita. Gidan da ake ɗinki ko kitso ya kamata ya fi kowa kiyayewa.

Akwai kuma cututtukan da allurar rigakafi ke karewa, cikinsu har da wata mai kawo amai da gudawa mai tsanani, wadda ke kashe 'ya'yan mage cikin kwanaki kaɗan. Sannan wani abin da ake ɗauka yunƙurin amayar da gashi ne, tari ne. Mage tana kamuwa da asma, ta miƙe wuya ta durƙusa tana tari ba abin da ke fitowa, kuma hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro a rufaffen ɗaki yana tsananta shi.

Yanzu maganar magani, wadda ita ce ta kashe magen ɗan'uwanmu. Farasitamol guba ce ga mage. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya ko ƙasa da haka tana iya hallaka ta, kuma alamun su ne waɗanda dattijon ya gani: kumburin fuska, canjin launin dasashi, wahalar numfashi. Sauran magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen su ma haɗari ne. Zafin jikin da yarinyar ta ji ma wataƙila ba zazzaɓi ba ne, domin zafin jikin lafiyayyar mage yana tsakanin maki 38 da 39, ya ɗara namu, don haka kullum hannu zai ji ta da ɗumi. Ɗura manja ko man gyaɗa da ƙarfi shi ma ba taimako ba ne. Yana iya sarƙe ta ya shiga huhu, kuma ba ya buɗe hanjin da ya toshe. Fiya-fiya da maganin kaskar shanu da na ƙumar kare, kada a kusantar da su jikinta, don duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Wanda ya zuba maganin ɓera a gida ya tuna cewa gubar tana iya isa ga mage, ko ta ci shi kai tsaye ko ta ci ɓeran da ya ci.

To mene ne abin yi? Mafi yawansa ba ya cin kuɗi, lokaci yake ci. A samu mataji mai haƙoran ƙarfe a taje ta kowace rana, minti biyar zuwa goma, a bi ƙarƙashin hammata da ciki da bayan kunne inda gashi ke dunƙulewa. Duk gashin da ya fito a mataji, gashi ne da ba zai shiga cikinta ba. A fara tun tana ƙarama don ta saba. Bayan tajewa a shafe ta da ɗan tsumma mai laima. Idan gashi ya riga ya cuɗe ya manne da fata, kada a sa almakashi ko reza, fatarta sirirya ce, a nemi mai injin aski da ya san dabba. Lokacin zafi rage mata gashi rahama ne, ko da ya rage kyan hoto.

A ajiye mata ruwa mai tsabta a wuri fiye da ɗaya, a canza kullum, musamman idan busasshen abincin kanti take ci. A ba ta abincin da aka yi don mage, ko dafaffen nama da kifin da aka cire wa ƙaya, ba gishiri ba magi ba albasa, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana. A shuka mata 'yar alkama a gwangwani ta riƙa tsinkar ganyen. A yi wasa da ita, a kwashe zare daga ƙasa. A kai ta a ba ta maganin tsutsa da na ƙuma wanda aka yi don mage, gwargwadon nauyinta, a yi mata rigakafi har da na haukan kare, wanda shi kariya ce ga yaran gida ma. Akwai wani man tube da ake sayarwa don sauƙaƙa fitar gashi, amma likita ne zai ce a yi amfani da shi bayan ya duba ta.

Ga kuma alamun da ba a jira da su. Idan ta yi amai sau da yawa a rana ɗaya, ko tana ta yunƙuri ba abin da ke fitowa. Idan ta wuni ta kwana ba ta ci komai ba. Idan ta kwana biyu ba ta yi kashi ba, ko akwai jini a amai ko kashi. Idan cikinta ya kumbura ko tana kuka in an taɓa shi. Idan ta ɓuya a ƙarƙashin gado ba ta son motsi. Ƙaramar mage ba ta da ruwan jiki mai yawa, amai da gudawa na kwana ɗaya suna iya kayar da ita. Ko lafiyayya ce, in tana amayo gashi fiye da sau ɗaya ko biyu a wata, a kai ta a duba.

Mun san a yankinmu aikin likitocin dabbobi ya fi karkata ga shanu da tumaki, kuma idan abu ya kai ga hoton ciki ko tiyata, mai yiwuwa sai an yi tafiya, wataƙila har asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Maiduguri. Wannan ma dalili ne na yin lissafi kafin saye. A nemi lambar likita tun mage tana lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, mutane suna fama da tsadar abinci, wasunmu har yau ba su gama farfaɗowa daga gudun hijirar 2014 ba, ku kuna maganar taje kyanwa. Maganar tana da nauyi, kuma ba mu ce kowa ya sayi mage ba. Hasali ma tana ƙarfafa abin da muke faɗa ne. A irin wannan lokaci, zuba kuɗin tunkiya a kan dabbar da za ta mutu cikin wata biyu saboda rashin sani asara ce biyu, ta dukiya da ta rai. Wanda yake son kyanwa don amfanin gida, ga tamu nan kyauta ake bayarwa, ba ta neman mataji, kuma tana aikin da 'yar Farisa ba ta cika yi ba. Kada mu manta cewa zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, an fara gano shi ne a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, a kwarin kogin Yedzaram ɗin nan da ya ratsa Mubi. Kyanwar da ke rage mana ɓera a rumbu ta cancanci a daina jifanta ana ce mata mayya.

Amma wanda ya riga ya saya, maganar tsada ba za ta zame masa uzuri ba. Malamanmu sun sha karantar da mu labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Laifin matar ya fara ne daga kullewa. Da zarar ka rufe ƙofa a kan dabba, ka raba ta da ciyawa da farauta da duk dabarar da Allah ya hore mata, abin da ya same ta a wuyanka yake. Mun kuma san cewa babban sahabi Abu Huraira laƙabinsa daga 'yar kyanwa ya samo shi. Son mage ba abin kunya ba ne, kuma ba mu ga laifin yaranmu mata da ke sha'awarta ba. Abin da muke roƙo shi ne son ya wuce ɗaukar hoto.

Saboda haka muna kira ga iyaye da yayye, musamman 'yan uwanmu na Kano da Abuja da Yola da ke aiko da irin wannan tsaraba: kafin ku saya, ku tambayi wanda za a kai wa ko zai iya tajewa kullum, ko akwai kuɗin abinci da rigakafi, ko akwai likita a kusa. Ku nemi mai sayarwa ya nuna muku takardar rigakafi da ranar da aka ba ta maganin tsutsa. Kada a raba 'yar mage da uwarta kafin ta kai aƙalla wata biyu, in da hali uku. Idan ta yi ciwo kuma, mai sayarwa ɗan kasuwa ne, likita ake nema.

Muna roƙon membobinmu da suka karanci lafiyar dabbobi, da ɗalibanmu na Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi waɗanda ke karatu a fannin dabbobi, su tuntuɓi sakatariya, domin muna so mu ware ɗan lokaci a taro mai zuwa a yi wa jama'a bayani, ba a kan mage kaɗai ba, har da awaki da kajin da muke ba wa maganin mutane ba tare da tambaya ba.

Dattijon ya gaya mana cewa makon da ya wuce maƙwabciyarsu ta kawo wa 'yarsa 'yar kyanwar gida mai zane-zane. Da farko ta ƙi ko kallonta. Yanzu ita ce ke dafa mata kifi daban, ba albasa, kuma ta kwashe duk magungunan gidan ta kulle a akwati.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashinmu, ya ƙara wa garinmu lafiya da zaman lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya,
a madadin shugabanni,
Gella, ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu.